Ra'ayinmu: Makarantar jinya ta kuɗi ko ta gwamnati, wacce ta fi wa iyali?

A duk shekara, idan sakamakon JAMB ya fito kuma makarantun koyon aikin jinya suka kafe sunayen waɗanda suka samu gurbi, akwai zancen da ke tashi a gidaje da dama, daga Sakkwato har Maiduguri. Yarinya ta samu kiredit biyar ɗin da ake nema, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Ta zauna jarabawar tantancewa, ta je an yi mata tambayoyi baki da baki. Ranar da aka kafe sunaye ta bi allo da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi, ba ta ga nata ba. Ta dawo gida ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, “Baba, bana ma sunana bai fito ba.” Kafin mako ya zagayo sai wani ɗan'uwa ya shigo da takardar talla mai sheƙi: dogon bene, ɗalibai cikin fararen kaya, da alkawarin cewa gurbi yana nan, a zo a biya kawai. Daren nan uba ba ya barci. Yana lissafin gonar fadama da shanun huɗa da kuɗin sallamar da yake jira. Uwa kuma tana tunanin adashenta da 'yan kunnen gwal da ta ajiye saboda ranar aurar da yarinyar.

Wannan shawara ce mai nauyi, domin takan shafi abin da gida ya tara a shekara ashirin, ta kuma shafi hannun da gobe zai riƙe allura a kan majinyaci. Saboda haka muka ga ya dace mu auna ɓangarorin biyu da adalci, mu kuma faɗi inda muka tsaya.

Abu na farko da ya kamata kowane uba ya sani shi ne, lasisin aikin jinya a Najeriya ƙwaya ɗaya ne. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato NMCN, wadda aka kafa da dokar soja ta 1979, ita kaɗai ke ba da shi. Ita ke duba makaranta ta amince da ita, ita ke yanke mata yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke shirya jarabawar ƙarshe, wadda ta haɗa da ta kwamfuta da ta gwajin aiki da hannu. 'Yar da ta yi karatu a kwalejin jiha da wadda aka kashe wa miliyoyi a makarantar kuɗi, tambayoyi iri ɗaya za su amsa. Idan suka ci, takarda iri ɗaya za a ba su, kuma in gwamnati ta ɗauke su aiki da shaidar karatu iri ɗaya, a mataki ɗaya za su fara. Majinyacin da ke kwance yana jiran a sa masa ƙarin ruwa ba zai tambayi nawa aka biya wa nas ɗin da ta tsaya a kansa ba. Abin da ya dame shi ta sami jijiya a karon farko.

Tsarin karatun ma ɗaya ne ga kowa. A da shekara uku ake yi a fito da shaidar jinya. Yanzu makarantun sun koma tsarin kwaleji a ƙarƙashin Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna: shekara biyu na difloma, biyu na babbar difloma, kuma ta JAMB ake shiga. Wanda ya bi ta jami'a shekara biyar zai yi ya fito da digiri, sannan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Ko ta kuɗi ce ko ta gwamnati, babu makarantar da ke da ikon rage waɗannan shekaru.

To, me mai biyan kuɗi mai yawa yake saye? Gaskiya a faɗe ta, akwai abubuwan da yake samu, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko shi ne gurbi. Makarantun gwamnati da muke da su a Arewa, irin su na asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato, da kwalejojin jihohi a Birnin Kudu da Madobi da Malumfashi da Kafanchan da Damaturu da Gusau da Bauchi, ba sa iya ɗaukar ko kusa da yawan masu nema. Dubbai ke sayen fom, 'yan ɗaruruwa ake ɗauka. Ko da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar a 2024 cewa an ƙara guraben makarantun horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000, har yanzu layin yana da tsawo. Ga kuma abin da kowa ya sani yana ci wa talaka tuwo a ƙwarya, wato alfarma. Takarda daga wani babba takan ture ɗiyar manomi da ta fi kowa maki. Yarinyar da ta nema sau biyu ko sau uku ba ta samu ba, shekarunta na tafiya, a gida kuma an fara maganar aure. Ga irin wannan, makarantar kuɗi takan zama ƙofa ɗaya da ta rage a buɗe. Ba za mu raina wannan ba.

Na biyu shi ne lokaci. Jami'o'in gwamnati sun rufe wata takwas a 2022 saboda yajin aikin ASUU, bayan wanda aka yi na wata tara a 2020. Ɗalibin digirin jinya da ya shiga da niyyar shekara biyar ya tarar da kansa yana cikin ta bakwai. A jami'a mai zaman kanta, ranar da aka ce za a gama, ranar ake gamawa. Sai dai a lura, wannan ciwon ya fi kama jami'o'i. Kwalejojin jinya na jihohi da na asibitocin koyarwa ba sa ƙarƙashin ASUU, ko da yake su ma yajin aikin ma'aikatan asibiti yakan tsayar musu da koyon aiki.

Na uku shi ne kwanciyar hankali. Uban da zai tura 'yarsa mai shekara goma sha takwas wani gari yana son ya ji cewa ɗakin kwana na da katanga da mai gadi, akwai ruwa, akwai wuta, ba a cusa mutum goma sha biyu a ɗakin mutum huɗu ba. Makarantun gwamnati da yawa sun gaza a nan, kuma ɗalibai na ɗebo ruwa da bokiti kafin su tafi aikin safe a asibiti. Haka nan ba duk makaranta mai zaman kanta ce ta kasuwa ba. Makarantun jinya na asibitocin mishan, irin na Wusasa a Zariya da na Kakuri a Kaduna, sun daɗe suna yaye ma'aikata, domin suna jingine da asibitocinsu na kansu. Akwai kuma sababbi da masu su suka gina da tsoron Allah, suka ɗauko ƙwararrun malamai, suka tsaya kan ƙa'ida.

Wannan ita ce hujjar makarantar kuɗi, kuma mun ba ta haƙƙinta. Yanzu a juyo ga ta gwamnati.

Aikin jinya a bakin gadon majinyaci ake koyonsa. Ɗakin gwaji mai mutum-mutumin roba yana da amfani, amma roba ba ta kuka, ba ta amai, jijiyarta ba ta ɓuya. Ɗalibar da aka tura babban asibitin gwamnati irin Asibitin Murtala da ke Kano, kafin azahar ta ga abin da wata ba za ta gani a wata guda ba. Za ta ga yaron da gudawa ta tsotse, fatarsa ta yamutse, ana neman inda za a soka masa allurar ruwa, babbar nas ta riƙe hannunta ta ce, “Kwantar da allurar, kada ki yi sauri, ji da yatsanki tukuna.” Za ta ga mai naƙudar da aka kawo daga ƙauye tana jijjiga, ta koyi yadda ake kwantar da ita a gefe guda, da abin da ake kallo a agogo. Za ta wanke mikin mai ciwon suga, ta kwana tana auna zafin jikin mai sanƙarau, ta koyi yadda ake yi wa dangin mamaci magana. Wannan ilimin ba a sayensa da kuɗin makaranta. Yawan majinyata ne ke kawo shi, kuma majinyatan ƙasar nan a asibitin gwamnati suke. Shi ya sa makarantun kuɗi da yawa su ma can suke tura ɗalibansu, inda sukan tarar 'yan gida sun riga su tsayawa a bakin gado.

Sai kuma lissafi. Kuɗin makarantun gwamnati ma ya tashi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma wanda ba ɗan jiha ba yakan biya fiye da ɗan jiha. Duk da haka tazarar da ke tsakaninsu da na kuɗi babba ce. Mu ɗauka, don misali kawai, makaranta tana karɓar naira miliyan ɗaya a shekara. Shekara huɗu miliyan huɗu ke nan, ban da abinci da ɗakin kwana da fararen kaya da littattafai da kuɗin mota zuwa asibiti da kuɗin jarabawar hukuma. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi ko da bai ci ba bai sha ba, bai biya kuɗin shekara ɗaya ba. Kuma kuɗin da aka faɗa a shekarar farko ba kasafai yake tsayawa a nan ba. Mun sha ganin gidan da ya sayar da kadara ya biya shekara ta ɗaya da ta biyu, ya sare a ta uku. Babu abin da ya kai wannan ciwo: gona ta tafi, takarda ba ta zo ba.

Bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda aka buɗe a watan Mayun 2024, ba shi da kuɗin ruwa, kuma sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa ake fara biya. Amma ɗaliban makarantun gwamnati aka yi wa shi. Wanda ya tafi ta kuɗi ba shi da wannan madogara. Haka nan wasu jihohin sukan ba ɗaliban kwalejojinsu alawus, wasu sukan ɗauke su aiki da zarar sun gama.

Akwai masu cewa a ci bashin kawai, ai idan ta gama za ta tafi Ingila ko Saudiyya ta biya cikin wata shida. Gaskiya ne ma'aikatan jinya na fita. Magatakardar NMCN na wancan lokaci, Dakta Faruk Umar Abubakar, ya faɗa a 2024 cewa kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Amma hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Akwai jarabawar Turanci, akwai jarabawar hukumar ƙasar da za a je, kowacce da kuɗinta. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin ta tantance masa takardun fita, har ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Dokokin ƙasashen da ake zuwa su ma suna sauyawa. Mafi yawan 'ya'yanmu a nan gida za su yi aiki, a kan albashin da ya sa ƙungiyar ma'aikatan jinya ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen watan Yulin 2025. Wanda ya ci bashin miliyoyi yana dogaro da fam ɗin Ingila ya ɗora gini a kan abin da bai zo hannu ba.

Haɗari mafi girma kuwa shi ne makarantar da hukuma ba ta san da ita ba. Ganin yadda jama'a ke rububin aikin lafiya, wasu sun kama gida mai ɗaki shida sun kafa allo, sun ɗinka wa yara fararen kaya. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya fiye da 20 da ke aiki ba bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan ɓoyuwa. Makaranta tana da amincewar hukuma, amma an yanke mata ɗalibai ɗari, sai ta ɗauki ɗari uku. Hukuma kuwa iya adadin da ta yanke take ba lambar rajista, wadda ɗalibai ke kira indeksin, kuma wanda ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarabawar lasisi ba ko da ya fi kowa ƙoƙari. Wannan cuta ba ta tsaya ga makarantun kuɗi ba, wasu na gwamnati ma sukan faɗa mata, amma inda kowane ƙarin ɗalibi ƙarin riba ne, jarabar ta fi ƙarfi. Iyaye da yawa kuma ba sa bambance kwalejin jinya da makarantar koyon kiwon lafiya a matakin farko. Ta biyun aiki ne mai daraja, amma hukumarta daban, takardarta daban, kuma ba ta mai da mutum nas. Wanda aka koya wa allura a ƙaramin asibitin unguwa ma, komai daɗewarsa, doka ba ta san shi a matsayin ma'aikacin jinya ba.

Bayan mun auna duka, ga inda muka tsaya. Ga yawancin iyalai, makarantar gwamnati ce ta fi, kuma ita ya kamata a fara nema da gaske. Neman gaske shi ne a gyara sakamakon WAEC ko NECO idan yana da rauni, a yi shirin JAMB tun da wuri, a duba kwalejojin da ke wajen babban birni inda cunkoso ya yi sauƙi, a kuma yarda da ungozoma ko jinyar al'umma idan nan ne gurbi ya samu, domin daga nan ma ana ƙaro karatu. Idan ba a dace a shekarar farko ba, jiran shekara guda ya fi sauƙi a kan bashin shekara goma. Sauri ya haifi nawa.

Makarantar kuɗi kuwa muna ganin ta halatta ga wanda ya cika sharuɗɗa huɗu, kuma a haɗe muke nufinsu. Na ɗaya, sunan makarantar yana cikin jerin da NMCN ta amince da su, kuma ga ainihin kwas ɗin da za a yi, sannan NBTE ko Hukumar Jami'o'i ta san da ita. A duba wannan da kai a shafin hukumar ko a ofishinta, kada a tsaya ga hoton takarda da aka rataye a bango. Na biyu, a tambayi adadin da aka yanke mata da adadin da ke cikin aji, a shiga ajin a ƙirga kujeru. Na uku, a san asibitin da ɗalibai ke koyon aiki, a je a gan shi da rana tsaka, a ga ko akwai majinyata a kan gadajen. A nemi ɗaliban shekarar ƙarshe a tambaye su a keɓe: kun sami lambar rajista? Waɗanda suka gabace ku, nawa suka ci jarabawar hukuma? Gani ya kori ji. Na huɗu, gida zai iya biyan kuɗin dukan shekarun, har da ƙarin da zai zo, ba tare da an sayar da gonar da ake ci daga gare ta ko gidan da ake kwana ba, kuma ba tare da an cire ƙannenta daga makaranta ba. Idan sharaɗi ɗaya ya faɗi, a haƙura.

Ga masu hali, babu laifi su kai 'ya'yansu makarantar kuɗi mai inganci. Hasali ma yin hakan yakan bar wa ɗan talaka gurbi a ta gwamnati. Abin da muke ƙi shi ne a sa talaka ya ɗauka cewa tsada ita ce inganci, ko kuma ya ji kunyar makarantar jiha. Manyan ma'aikatan jinya da ke riƙe da asibitocin Arewa a yau, waɗanda ke koya wa sababbin likitoci ma yadda ake tafiyar da ɗakin majinyata, mafi yawansu daga waɗannan makarantun suka fito.

Amma ba za mu ɗora wa iyaye nauyin duka ba, domin gazawar hukuma ce ta jefa su cikin wannan tsaka mai wuya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar wannan nauyi. A ƙauyukanmu mace da yawa ba za ta je awo ba idan namiji ne zai duba ta. Yankin da ke cikin wannan hali bai kamata ya riƙa mayar da yarinya mai kiredit biyar gida saboda rashin kujera ba. Shirin da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Yobe da Zamfara, wanda ya ɗauko 'yan matan karkara ya yi musu shekarar share fage kafin su shiga makarantun lafiya, ya nuna cewa idan aka buɗe ƙofa za su shigo, kuma za su koma su yi wa garuruwansu aiki.

Saboda haka muna kira ga gwamnonin Arewa su ƙara azuzuwa da ɗakunan kwana, su ɗauki malaman jinya su biya su abin da zai riƙe su, domin da yawan malamai da kayan aiki da gadajen asibiti hukuma ke auna gurbin da za ta ƙara wa makaranta. Su hana takardar alfarma, a riƙa kafe sunaye tare da makin kowa a fili. Muna kira ga NMCN ta riƙa sanar da sunayen makarantun da ta amince da su da adadin da ta yanke wa kowacce a gidajen rediyo da harshen Hausa, kafin lokacin sayar da fom, ta kuma bayyana sakamakon kowace makaranta a jarabawarta. Masu makarantun kuɗi na gaskiya su ma su taimaka a tona na bogi, domin sunansu ake ɓatawa.

Ga uban da ke riƙe da takardar talla a daren nan, shawararmu ita ce ka ajiye ta zuwa safiya. Ka je da ƙafarka ka ga makarantar, ka ga asibitinta, ka tabbatar da sunanta a wurin hukuma, ka yi lissafin shekara huɗu cif. Idan lissafin bai fita ba, ka riƙe gonarka, ka saya wa 'yarka fom ɗin baɗi, ka ƙarfafa mata gwiwa. Lasisin da za ta samu a makarantar gwamnati shi ne dai wanda ake samu a ta kuɗi.